GUMIN MAIGIDA, SARƘAR UWARGIDA

Yau ba maganar kishiya zan yi ba, ba kuma ta girki ko kwalliya ba. Zan yi magana ne a kan wani bashi da ake bin wasu mutane, amma mu mata ne muke biyansa, muna biya shiru kamar an ɗaure mana baki, har ma mu ɗauki mayafi mu je mu yi wa wanda ya ƙi biyan godiya.

Duk wadda take zaune a nan Unguwar Kanawa ta san yadda gari yake wayewa. Tun kafin rana ta fito mazajenmu da 'yan'uwanmu sun yi cirko-cirko a bakin titin Ali Akilu suna jiran abin hawa. Wannan direban kamfani ne, wancan gidan burodi za shi, wani gidan ruwan leda, wani gadi ya kwana yanzu yake dawowa. Ga kuma 'yan matanmu, wasu suna koyarwa a makarantun kuɗi na Unguwar Dosa da Badarawa, wasu suna tsaron shago ko kemis, wasu shara da goge-goge a asibitocin kuɗi. Duk ƙarfinsu da lafiyarsu suke kaiwa can, wani ya juya su su zama riba. To, madalla, aiki ai ba laifi ba ne. Amma ina tambaya, ranar da wannan jikin ya gaza, wa yake gyara shi?

Ke kin san amsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da aka kwantar da maigida a Barau Dikko ko asibitin Kawo, aka miƙo miki doguwar takardar magani, kuɗin adashenki ne za su fara tafiya. Daga nan sai akuyar da kike kiwo don sallah ta kama hanyar kasuwar Kawo ran Talata. Sai atamfofin lefen da ba ki ɗinka ba su koma hannun dillaliya, ta saya a wulaƙance don ta ga idonki ya yi ja. Sai keken ɗinki, sai firij ɗin da kike ƙanƙara da zoɓo. Ƙarshenta sai 'yar sarƙa da ɗan kunnen da mahaifiyarki ta yi shekaru tana tari ta saya miki. Shi kuwa mai kamfani, wanda aka yi shekara goma ana yi wa bauta, sai ya aiko yaronsa da Naira dubu biyar a ambulan, a ce wai Alhaji yana gaishe da mai jiki. Nan take sai gida ya ɗauka, kai Alhaji mutumin kirki ne! Haba jama'a. Wannan ai shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar kowace mace shi ne, kula da lafiyar ma'aikaci ba alfarma ba ce da mai kamfani zai yi in ya ga dama. Doka ce rubutacciya, da sa hannun shugaban ƙasa. Bari in warware miki ita dalla-dalla, don in magana ta taso kada a mayar da ke 'yar kallo.

Tun a 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka fara aiki da ita a 2005 zamanin Obasanjo. A tsarin da aka fara da shi, wanda ya ɗauki mutum aiki zai zuba kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na tushen albashinsa, shi ma'aikacin ya zuba kashi 5, sai a ba shi katin asibiti. To amma waccan dokar ba ta tilasta wa kowa ba, shi ya sa aka yi shekaru kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni ne kaɗai suka san daɗinta. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta kafa hukumar da ake kira NHIA, ta kuma mayar da inshorar lafiya dole a kan duk mazaunin Najeriya. Dokar ta ambaci wuraren aiki, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, masu ma'aikata biyar zuwa sama. Biyar fa na ce, 'yar'uwa, ba ɗari biyar ba. Ki ƙirga ma'aikatan gidan burodin da maigidanki yake, ki ƙirga malaman makarantar da ƙanwarki take koyarwa, ki gani ko ba su wuce biyar ba. A nan jiharmu kuma tun 2018, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, aka yi dokar da ta kafa hukumar KADCHMA mai kula da asusun taimakekeniyar lafiya, wadda ma'aikaci da ɗan kasuwa da matar aure duk za su iya shiga. Kuma a watan Satumba na 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin cewa mai neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna shaidar inshorar lafiya.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye, wanda mata da yawa ba su sani ba sai ranar da suka je asibiti aka ce babu sunansu. Katin ma'aikaci a tsarin ƙasa yana ɗaukar shi kansa, da mace ɗaya, da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda yake da mata biyu ko uku, ko 'ya'ya fiye da huɗu, sai ya biya ƙari kafin a sa sauran. To uwargida, ko kin san sunan wa aka rubuta? Amarya, ke fa? Wannan ba abin tayar da husuma ba ne, abin zama ne a yi lissafi tun ana lafiya, a biya ƙarin, kowa ya shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ke nan game da ciwo na yau da gobe. Akwai kuma doka ta biyu, ta diyyar ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ƙarshen 2010. Ita tana magana ne a kan wanda ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu ta dalilin aiki: wanda inji ya cinye wa yatsu, wanda tanda ta ƙona, direban da ya yi hatsari da motar kamfani, har ma wanda tsautsayi ya same shi a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Dokar ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun hukumar NSITF, daga aljihunsa, kuma ta hana shi ya cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci saboda wannan. Daga wannan asusu ake biyan magani da diyya. Idan ma'aikaci ya rasu ta dalilin aiki ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da shi, dokar ta tanadar musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Ki sake karanta wannan layin. Mata nawa muka sani a unguwar nan da suka fita takaba da buhun shinkafa ɗaya da turmin atamfa daga kamfani, shi ke nan an rufe littafi, yaran suka koma talla? Ko an sa mutum ya dangwala hannu a takarda wai ya yafe diyyarsa, dokar ba ta yarda da irin wannan yafiyar ba.

Ku kuma 'yan mata da matan aure masu fita aiki, ga naku. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa. Ta ba shi hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara da albashinsa, idan likita ya ba da shaida. Ta ba mai ciki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin, kuma ta hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutun. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a yini don ta ba ɗanta nono. Ita wannan dokar ta fi magana a kan masu aikin ƙarfi da na akawu, don haka ke malama ko nas, takardar ɗaukar aikinki ita ce babban madogararki, sai ki tabbata an rubuta waɗannan abubuwa a ciki. Gwamnatin jihar nan ma tun 2019 ta mayar da hutun haihuwar ma'aikatanta mata wata shida. Amma je ki wasu makarantun kuɗi ki ga abin takaici. Da zarar cikin malama ya fito sai a fara yi mata kallon banza, ta je haihuwa ta dawo ta tarar da wata a ajinta. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa mai makarantar mace ce 'yar'uwarta, wadda ta san zafin naƙuda. Ina maganar da muke yi cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne?

Na san abin da masu kamfani za su ce, domin mun sha ji. Za su ce kasuwa ta lalace, ga tsadar mai, ga kuɗin wuta, ga haraji iri-iri. Gaskiya ne, ba mu musa ba, mu ma a ƙasar muke. To amma ranka ya daɗe, zo mu yi lissafi. A ce kana da ma'aikata goma, kowanne kana ba shi Naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024. Kashi 1 cikin 100 na wannan Naira 7,000 ne a wata. Nawa kake kashewa a man janareta a yini ɗaya? Motar da take rabon burodi, ai ba ka yarda ta hau titi babu takardu, in ta yi tari ka kira makaniki, in taya ta suɗe ka canja. Shi direban da yake cikinta fa, bai kai taya daraja ba? Kuɗin inshorar lafiya ya fi wannan nauyi, na yarda, amma shi ma cikin kuɗin gudanar da sana'a yake, kamar fulawa da sukari. Wanda ya ce ba zai iya ba, bai kawar da kuɗin maganin daga duniya ba, ya dai tura shi ne ɗakin wata baiwar Allah da ba ta ci ribarsa ba. A ƙasar Jamus tun 1883 aka wajabta wa masu masana'antu sa hannu a kuɗin lafiyar ma'aikatansu, kuma masana'antun ba su mutu ba. Ghana ma da take nan kusa ta kafa nata tsarin tun 2003. Mu kuwa har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Aljihun nan kuwa, in an bi diddigi, sau da yawa bakin zanen mace ne.

Wasu kuma a cikinmu za su ce ai katin ma ba ya aiki, ka je asibiti a bar ka a layi, a ce maganin ya ƙare ka je waje ka saya. Wannan koke ne na gaskiya, kuma abin a yi faɗa a kansa ne. Amma mai kati yana da inda zai kai ƙara, akwai hukumar da ta karɓi kuɗinsa, yana da bakin magana. Wadda ba ta da kati fa, wa za ta kai ƙara? Dillaliya? Akwai kuma masu jin kalmar inshora su ja da baya. To ki dube shi kamar gudunmawar biki da muka saba: kowa ya zuba kaɗan, wadda abin ya faɗo wa a tallafe ta. Mu da muka riƙe adashe shekara da shekaru ba sai an koya mana wannan ba.

Babban abin da yake rufe bakin mazajenmu shi ne tsoro. Za ka ji ya ce, ke dai bari, in na yi magana a kore ni, mu ci me? Kada ki raina wannan tsoron, domin aiki ya yi wuya, kuma bayan kowane ma'aikaci akwai mutum goma masu jiran gurbinsa. Amma shirun ma ba ya hana kora. Ranar da ƙafa ta karye, ai ba a tambayar ko mai haƙuri ne kafin a sa wani a wurinsa. Mutanen garin nan sun ga darasi da idonsu. Masaƙar KTL ta Kakuri da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, wadda ta ciyar da dubban gidaje, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba, matansu suka ci gaba da zarya. In haka ta faru da masu ƙungiya da takardu, ina ga wanda ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita? Dabarar ita ce kada mutum ɗaya ya tunkari mai kamfani shi kaɗai. Su haɗu su biyar, su goma, su rubuta takarda cikin ladabi su nemi a yi musu rajista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To yanzu me ya rage gare ki? Kada ki tari maigida da wannan magana yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, Baban Ummi, wai a wurin aikinku an yi muku katin asibiti kuwa? Sunan wa da wa aka sa? An yi muku rajistar diyya? Idan ana cire wani abu daga albashinsa da sunan lafiya amma babu kati, wannan babban laifi ne a doka, ba abin a yi shiru ba ne.

Sannan ki zama ma'ajiya. Yadda kike adana takardar makarantar yara, haka za ki samu leda mai kyau ki adana takardar ɗaukar aiki, da katin shaidar aiki, da takardun albashi. In ta banki ake biya, kada a goge saƙonnin da suke shigowa waya. In ciwo ya zo, duk wani rasidi da takardar likita ki ajiye, ko na allura ɗaya ne. Shari'a ba ta san hawaye ba, takarda take karantawa.

In rauni ya faru a wurin aiki, akwai lokaci da doka ta yanka. A sanar da mai kamfani cikin kwana 14, kuma ya fi kyau a rubuce, ku riƙe kwafi. Shi kuma wajibinsa ne ya sanar da NSITF cikin kwana 7. Neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. A nan ne ake cin mu da baki. Za a ce ku yi haƙuri Alhaji ya yi tafiya, ku dawo bayan sallah, ku bari a gama lissafin shekara, har lokaci ya ƙure. Kada ki yarda a yi miki wannan wasan.

In an bi ta lalama abin ya ƙi, ƙofofi suna nan a cikin garin nan, ba sai an je Abuja ba. Akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, inda ake kiran ɓangarorin biyu a sasanta. Akwai ofisoshin NSITF da NHIA da KADCHMA, kowanne da abin da ya shafe shi. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, ba a biyan ko sisi. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin masu ƙaramin ƙarfi, kuma neman diyyar ma'aikaci yana cikin aikinta. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Daga ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron duk rigimar da take tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi, tana kuma da reshe a nan Kaduna. Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ga ta nan Kawo, tafiyar Keke Napep ɗaya daga unguwarmu, a je a yi tambaya. Ba na ce za a samu biyan buƙata a yini ɗaya ba, akwai zarya, akwai jira. Amma a rashin kira karen bebe ya ɓata.

Wata za ta ce, ai kai mutum ƙara rashin kunya ne, mu ba a san mu da haka ba. 'Yar'uwa, kunya ado ce, amma ban san kunyar da ta ce ki sayar da gadonki don wani ya ƙara bene ba. Haƙuri kuma ana yin sa ne a kan abin da ba shi da magani. Ciwo ƙaddara ce, mun karɓa. Ƙin biyan haƙƙin ma'aikaci kuwa shawara ce da wani ya zauna a ofis ya yanke.

Kafin in ajiye alƙalami, bari in juyo kanmu, don kada a ce mun iya ganin laifin wasu kawai. Hajiya, ke da kike da 'yar aiki a gida, ke ma fa mai ɗaukar aiki ce. Dokar diyya ta 2010 da ta zo fassara ma'aikaci, ta sa har da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba. Yarinyar nan da take tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, in ruwan zafi ya ƙona ta ko zazzaɓi ya kayar da ita, me kike yi? Fanadol biyu, in abin ya yi tsanani a sa ta a mota a mayar wa iyayenta ƙauye, a aiko da wata? In haka kike yi, to ba ki da bakin zagin mai gidan burodi. Ki kai ta asibitin da kike kai 'ya'yanki, in da hali ki yi mata rajistar KADCHMA, kuɗin bai kai na ankon biki biyu ba.

Ku kuma 'yan mata masu shirin shiga ɗaki, in ana binciken manemi ana tambayar asalinsa da sana'arsa, a ƙara da tambayar ko wurin aikinsa sun san da lafiyarsa. In kuma ke ce za ki fara aiki, kada murnar albashi ta sa ki manta da neman takarda. Kayan ɗakin da iyayenki suka wahala suka yi miki, naki ne, ba asusun kamfanin kowa ba ne.

Wadda ta karanta wannan ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta iya karatu ba, a kuma tayar da maganar a wurin adashe da gidan suna. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa wa mazajenmu albarka a neman su, ya ba masu ɗaukar aiki ikon sauke nauyin da yake kansu, amin.

Wassalam, sai mun haɗu a rubutu na gaba.